Ɗigo Ɗaya Ko Biyu

Ban taɓa ganin kakana ba, kuma babu hotonsa ko ɗaya a duniya. A shekarar 1954 ya ɗauki sandarsa da butarsa ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, suka nufi gabas ta Chadi da Sudan, daga nan labarinsa ya yanke. Wasu sun ce ya rasu kafin ya kai bakin Bahar Maliya, wasu sun ce ya sauke farali ya zauna can. Abin da ya bari a ƙauyenmu, gabas da Damagaram kan hanyar Mirriya, shi ne mata biyu da ƴaƴa bakwai da gonaki, sai kuma takarda ɗaya da ya rubuta da hannunsa a daren da zai tashi.

Takardar ta kusa girman takardar ofis, an rubuta ta da ajami. Da yake kaka ya saba da rubutun Alƙur'ani, bai iya yin rubutu da gaggawa ba: baƙaƙen da ɗigonsu ya yi su da baƙar tawada, wasulan kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ja. A ciki ya lissafa basussukan da ake bin sa da waɗanda yake bi, da amanar da ya bar wa kowa. Wane yana bin sa dami uku na hatsi, wane zai riƙe masa jaki, littattafansa kuma su zauna wurin babban almajirinsa. A layi na tara ya ambaci gonar fadama. Shekara da shekaru babu wanda ya damu da wannan layi, domin bayan rasuwar ƙanen kaka da ya riƙe gonar, ɗakunan biyu tare suke noma ta, tare suke raba abin da ta bayar.

Mahaifina ya ajiye takardar cikin gafaka, gafakar cikin adaka. Da ya rasu sai ajiyar ta koma hannun yayana a unguwar Birni. Ni ɗan lakwal ne, ajami da ƙyar nake haɗa shi, amma na fi kowa son takardar, saboda ita kaɗai ce wurin da hannun kakana ya taɓa kuma nawa ya taɓa. A shekarar 2006, lokacin ina koyarwa a wata koleji a cikin gari, aka buɗe gidan intanet kusa da mu, irin wanda yara ke kira sibar, kuma akwai sikana a ciki. Na roƙi Yaya ya ba ni takardar na yini ɗaya, na kai ta a ɗauki hotonta, a raina ina cewa na raba ta da gara da ɓera har abada.

Saurayin da ke tsaron wurin ya kifa takardar kan gilashi, haske ya bi ta ƙarƙashinta, sai ga rubutun kaka a fuskar kwamfuta, har ƙurar da ta maƙale a gefen takardar ana gani. Daga nan ya yi mini tambayar da ban gane nauyinta ba sai bayan shekara 18. Ya ce, «Mushe, babba kake so ko ƙarami? Babban ya kai mega 26, ba zai shiga disket ɗinka ba.» Disket a lokacin mega 1.44 yake ɗauka, ke nan sai na sayi 18 kafin in kwashe shafi guda. Na ce ya yi mini wanda zai shiga. Ya danna nan ya danna can, ya rage yawan ƙwayoyin hoton, ya adana shi a tsarin da ake kira JPEG, ya nuna mini. Na duba ban ga bambanci ba. Na biya dala ɗari na fita ina murna, har ina yaba wayon yaron.

Daga wannan disket hoton ya shiga yawon duniya. Na aika wa wani ƙanena da ke Yamai ta wasiƙar intanet. Shi kuma ya sa shi a salularsa. Wani ɗanmu ya yanke gefe-gefensa ya ƙara masa haske, ya ɗora a shafinsa na zumunta ya rubuta cewa ga rubutun kakan kakanni. Wata ƴarmu ta gani ta ɗauki hoton fuskar salularta, ta jefa cikin zauren saƙonni na dangi. Ana haka disket ya daina buɗuwa, kwamfutocin ma suka daina zuwa da ramin sa shi. Akwatin wasiƙata na farko na yi shekaru ban leƙa ba har aka rufe shi, na ƙanena ma haka. Ban damu ba ko kaɗan, tun da asalin takardar tana cikin adakar Yaya, hotonta kuma yana cikin aljihun kowa.

Daminar 2024 babu wanda zai manta da ita a ƙasar nan. A Damagaram ruwa ya yi ta zuba har tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. A cikin makon nan bangon ɗakin Yaya ya zauna cikin dare. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo, amma adakar ta kwana biyu cikin taɓo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawadarmu: baƙin gawayi ko na tukunya ne da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku da ruwa. Da muka buɗe gafakar sai muka tarar takardar tana nan, rubutun ya tafi. Babu abin da ya rage sai dusu-dusun toka da wani jan ruwa da ya bi gefe ya bushe.

Ko wata shida ba a yi ba sai maganar fadama ta tashi. Gari ya faɗaɗa, hanya ta matso, wani mai kuɗi ya taya gonar da farashin da babu wanda ya taɓa mafarki. Nan take aka tuna da layi na tara. Ƴan ɗakin amarya suka ce abin da ke rubuce shi ne, «Mun yi magana da uwargida kan gonar fadama, na ba ƙanena aro har in komo.» Ƴan ɗakin uwargida, wato ɗakinmu, suka ce a'a, «ta ba ƙanena aro» ne. In «na ba» ne, gonar ta kaka ce, gadon ɗakuna biyu. In «ta ba» ne, gonar ta uwargida ce da ta gada wurin mahaifinta, ɗaki ɗaya ke da ita. A rubutun ajami kuwa, nun da ta a farkon kalma jikinsu ɗaya ne, haƙori guda a kan layi. Abin da ya raba su ɗigo ne: nun tana da ɗaya a bisa, ta tana da biyu.

Aka ce a kawo hoto, gani ya kori ji. Na buɗe shi a salula, na ware yatsu biyu ina ƙara girman wurin. Tun ina ganin baƙaƙe har na koma ganin wasu murabba'ai kamar daɓen siminti, kowane da launinsa. A bisa haƙorin nan akwai wani tabo mai duhu, ya fi ɗigo ɗaya faɗi, bai kai a ce biyu ba, an kewaye shi da wani ja-ja kamar an zubar da zoɓo. A gefen kowane baƙi kuma akwai ƙananan tabo-tabo kamar sauro ya taru, waɗanda na tabbata babu su a takardar kaka. Malamai uku suka duba. Na farko ya ce nun ce, na biyu ya ce ta ce, na uku ya mayar mini da salular ya ce ba zai yi shaida kan hayaƙi ba.

Sai na nemi wani tsohon ɗalibina da ya karanci ilimin kwamfuta a Yamai. Ya zo da yamma muka zauna a zaure, ya duba fayil ɗin ya ce nauyinsa bai kai kilo 70 ba, wato an zubar da fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da sikana ta gani a 2006. Na ce ya koya mini yadda haka ta faru, kamar yadda na taɓa koya masa raba lamba da lamba. Ya yi dariya ya ce, «To Mushe, yau allo ya juya.» Ya ce hoto a wurin kwamfuta tarin ƙwayoyi ne a jere, layi bisa layi, kamar tsakiya a jikin tabarma. Kowace ƙwaya lamba uku ce, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace lamba daga 0 zuwa 255, abin da ke ba da launi fiye da miliyan 16. In aka ɗauki takardar ofis da ƙwaya 300 a kowane inci, za a sami 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kusan ƙwaya miliyan 8.7. A ninka da uku, ga mega 26 ɗin da yaron sibar ya faɗa mini.

Wannan kaya ya yi nauyi, dole a matse shi, kuma matsi iri biyu ne. Na farko shi ne matsi marar asara. Misalinsa naɗin rawani: ka ninke shi ya shiga aljihun jaka, in ka warware ka sami rawaninka kamu ashirin yadda yake. Dabarar ita ce neman maimaici. Maimakon a rubuta fari, fari, fari har sau ɗari biyu, sai a rubuta fari sau 200. Lambar da ta fi yawan fitowa kuma a ba ta gajeriyar alama, kamar yadda yaron da aka fi aike a gida shi ake gajarta wa suna. Wannan ita ce dabarar da David Huffman ya fitar a 1952 yana ɗalibi a Amurka. A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka ƙara wata: in jerin lambobi ya taɓa wucewa, ba sai an sake rubuta shi ba, a nuna inda yake a baya kawai. A kan irin waɗannan aka gina tsarin PNG da ya fito a 1996, kuma tsarin TIFF da gidajen adana tarihi ke amfani da shi yana iya ajiye hoto ko da irin wannan matsi ko babu matsi sam. Aibinsa ɗaya ne: hoton abin duniya ba shi da maimaici sosai, don haka da wuya ya ragu fiye da rabi ko sulusi.

Na biyu shi ne matsi mai asara, misalinsa kuwa kilishi. Naman ya yi sauƙin ɗauka, yana da daɗi, ya daɗe bai lalace ba, amma duk ruwan da ka zuba masa ba zai koma tsokar da mahauci ya yanka ba. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, irin wannan ne. Masu shi sun lura da rauni biyu na idon ɗan Adam. Ido ya fi kula da haske da duhu bisa ga launi, kuma ya fi kula da manyan siffofi bisa ga ƙananan zane-zane. Saboda haka da farko ake raba hasken hoto daban, launinsa daban, sannan a mafi yawan lokuta a sa ƙwaya huɗu maƙwabta su yi tarayya a launi ɗaya. Tun a nan kashi uku cikin huɗu na bayanin launi ya tafi. Bayan haka sai a yayyanka hoton gida-gida, kowane gida ƙwaya 8 a tsaye 8 a kwance, wato 64.

Kowane gida sai a auna shi da zane 64 da aka riga aka tanada, tun daga fili marar zane, zuwa ratsi masu faɗi, har zuwa saƙar da ta fi kowace ƙanƙanta. Lissafin da ke yin wannan awo wani injiniya haifaffen Indiya, Nasir Ahmed, shi ya kawo shi a Amurka, aka buga a 1974. Har zuwa nan kusan babu abin da ya ɓata. Asarar tana mataki na gaba, inda ake yi wa lambobin abin da ɗan kasuwa ke yi wa canji: kuɗinka jika ɗaya da tamma goma sha biyu, ya ce bar shi jika. Lambobin manyan zane a taɓa su kaɗan, na ƙananan zane a yi musu yankan rashin tausayi har yawancinsu su koma sifili. Sifili kuwa maimaici ne, yana matsuwa da sauƙi. Wannan maɓalli da ake ja a zaɓi inganci, 90 ko 70 ko 40, girman wannan yafe canji yake ƙayyadewa. Da shi hoto kan ragu sau goma ido bai farga ba. In aka matsa da yawa, sai gidajen su fito fili kamar daɓen da na gani, sararin sama ya zama hawa-hawa, gefen duk wani layi mai kaifi kuma ya tara sauro.

Daga nan na gane abin da ya sami ɗigon kaka tun kafin ɗalibina ya ƙarasa. Ɗigon alƙalamin kara bai wuce milimita ɗaya ba. A babban hoton da na ƙi karɓa, kowane ɗigo zai ci ƙwaya 12 a faɗi, ratar da ke tsakanin biyu ma ta sami nata rabo. A hoton da ya rage mana, milimita ɗaya ƙwaya uku ce, ratar kuwa ƙwaya ɗaya ko biyu. Ɗigon da ratarsa da wasalin da ke bisansa duk sun faɗa cikin gida ɗaya. Siririn farin da zai raba ɗigo biyu, in akwai shi, shi ne ainihin irin ƙaramin zanen da ake mayarwa sifili. Jan wasalin kuma, da yake launi ne, aka raba shi ga maƙwabta ya malale kan baƙin. Abin da tsarin ya ɗauka ƙura ce da ido ba zai nema ba, a ajami shi ne ma'anar maganar.

Na tambaye shi ko yawan aikawa ne ya cinye hoton. Ya ce kwafar fayil daga wuri zuwa wuri ba ta rage kome, ko sau dubu aka yi. Abin da ke ragewa shi ne a buɗe hoto a taɓa shi a sake adanawa, ko a ɗora shi inda ake sake matse duk abin da ya shigo, ko a ɗauki hoton fuskar salula. Kowane ɗaya sabon yafe canji ne a kan wanda aka riga aka yafe, kuma in an yanke gefe, gidajen ba sa komawa inda suke, sai sabon tabo ya hau tsoho. Maganarsa ta tuna mini da abin da malaman hadisi suka bambanta tun da daɗewa, ruwaya da lafazi da ruwaya da ma'ana. Sun yarda mutum ya kawo ma'ana da kalmominsa bisa sharaɗin ya san harshen sarai, ya san abin da ke canza hukunci. Na'ura ba ta cika wannan sharaɗi ba. Ta san ido, ba ta san nun da ta ba, mu kuwa muka jera ta sau biyar cikin isnadi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina tsine wa wannan fasaha. Ba don ita ba, da ƴata da ke aure a Agadas ba ta aiko mini hoton jikana ranar suna da kuɗin kati kaɗan ba, da salular da ke ɗaukar ƙwaya miliyan 12 ta cika bayan hotuna kaɗan, tun da kowane zai ci mega 36. Ga fuskar mutum, ga taron biki, ga dokin sallah, matsi mai asara alheri ne, abin da ya zubar babu mai kewarsa. Laifin nawa ne da na sa rubutu a ma'aunin da aka yi don fuska, na kuma bar kwafin ya zauna a matsayin asali. Araha ba ta ado.

Jarrabawar da ta fi wannan ta zo daga wani ɗan ƙanena. Ya shigo da zumuɗi ya ce, «Baba, an gama. Akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto ya koma sabo.» Ya sa hoton a ciki, cikin daƙiƙa kaɗan sai ga rubutu tas, baƙi wuluk kan farar takarda, a bisa haƙorin nan ɗigo biyu zaune kyakkyawa. Gabana ya faɗi don murna, ba zan ɓoye ba. Na ce ya sake yi. Ya yanke hoton ta wani gefe ya sake sawa, sai ga ɗigo ɗaya, shi ma tas. Ɗalibina ya ce irin waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da aka zubar, domin babu inda yake. Sun ga dubban hotuna ne, suna zana abin da ya fi kama da wanda ya kamata ya kasance a wurin.

Ya ba ni labarin abin da ya faru a Jamus a 2013. Wani masanin kwamfuta mai suna David Kriesel ya ɗauki hoton zanen gini da wata na'urar Xerox, sai ya ga lambobin faɗin ɗakuna sun canza. Bincike ya nuna tsarin matsin da na'urar ke amfani da shi, JBIG2, yana ajiye siffar baƙi ɗaya ya riƙa maimaita ta duk inda ya ga mai kama da ita, har 6 ta kan koma 8. Kamfanin ya amsa kuskuren ya fitar da gyara. Abin tsoro a nan shi ne takardar ta fito fes, babu dusu-dusun da zai sa mai karatu ya yi shakka. Tabon da ke hotona aƙalla yana faɗin gaskiya, yana cewa ban sani ba.

Daren nan ban yi barci ba. Hoton mai ɗigo biyu yana cikin salulata, kuma na san in na kai shi gaban dattawa babu mai musu, domin ni ne malamin lakwal, ni na kai takardar sibar, ni ake ganin na san na'ura. Na kuma yi ta ƙoƙarin tuno ranar da na riƙe takardar a 2006. Wani lokaci sai in ga ɗigo biyu ƙarara a idon zuciyata. Amma na lura ban fara ganinsu haka ba sai bayan da aka faɗi kuɗin gonar. Da asuba na goge hotunan biyu na manhajar, na bar mai tabon.

Ranar zaman sulhu a ƙofar maigari, da wakilin kwamitin filaye irin wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, na miƙe na faɗi abin da na sani. Na ce hoton ba ya iya shaida, kuma ni ne sanadi. Yaya ya dube ni bai ce kome ba. Aka yi shiru, sai Gwaggo, autar kaka kuma ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴansa, ƴar ɗakin amarya, ta yi magana daga inda mata ke zaune. Ta ce tana goye lokacin da mahaifinta ya tafi, ba ta san fuskarsa ba. Ta ce da mahaifiyarta ta rasu uwargida ce ta yaye ta, da gero da kuɓewar wannan fadama aka raine ta, kuma ba ta taɓa jin uwargida ta ce tawa ba, ba ta kuma taɓa jin ta ce tasa ba. Daga nan ta yi shiru. Yaya ya sunkuyar da kai, can ya ce shi dai ba zai tsaya gaban Allah da ɗigon da bai gani ba. Aka ƙi sayar da gonar, aka rubuta ta da sunan zuriyar ɗakunan biyu, kowa ya sa hannu. Ba kowa ya tashi da farin ciki ba, akwai ɗan'uwan da har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta hanya.

Na rubuta wannan ne domin ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda ya samo tushe daga littattafan da marigayi Bubu Hama ya tara, yana da masu kula da shi. Amma yawancin takardunmu suna cikin adakoki a Maraɗi da Tawa da Tasawa da Magarya, ƙarƙashin rufin ƙasa, kuma yanzu kowa na ɗaukarsu da salula yana ganin ya cece su. Wanda zai yi wannan aiki ya ɗauki hoto na farko da ƙwaya 300 a inci ko fiye, da launi ko da rubutun baƙi ne, ya adana a TIFF ko PNG. In salula kaɗai gare shi, ya zaɓi inganci mafi girma, ya matso kusa cikin hasken rana marar kaifi, ya ɗauki shafin rabi-rabi. Wannan fayil na farko shi ne uwa: kada a yanke shi, kada a ƙara masa haske, a ajiye shi wuri biyu ko uku da ba rufi ɗaya ba. Daga jikinsa ake cire ƙananan JPEG na rabawa. In za a aika uwar ta salula, a aika ta a matsayin takarda, kada a bi ta hanyar hotuna. Kafin a mayar da asali cikin gafaka, a ƙara girman hoton a duba ɗigo da wasali, sannan a sami mai karatun ajami ya karanta da ƙarfi a rubuta abin da ya karanta, a sa kwanan wata. Haka nan malamin da ke aika wa ɗalibai jarrabawar lissafi ko taswira ya sani cewa lamba da siririn layi su ne farkon abin da matsi ke ci. Katin ajiya da ke ɗaukar ɗaruruwan irin wancan shafi mai mega 26 yau bai kai kuɗin buhun hatsi ba, uzurin da na yi a 2006 ya ƙare.

Tun daga bara, ni da wasu abokai biyu da muka yi ritaya tare muna zagaya gidajen Birni da Zango ranar Asabar da sikana ɗaya da ƙungiyarmu ta saya. Wasu su buɗe mana adaka, wasu su ce mu komo. Takardar kaka kuwa Yaya ya ba ni ita bayan zaman sulhu, ya ce tun da ni na fi son ta in riƙe. Na sa ta kan gilashi na ɗauke ta da ƙwaya 600 a inci, babu matsi, fayil ɗin ya haura mega 100. Ɗalibina yana ganin wataƙila bakin alƙalami ya bar ɗan gurbi a jikin takardar da za a iya gani in aka haska ta daga gefe. Mun gwada sau biyu da fitilar salula a ɗaki mai duhu, muka ga layi na tara, muka ga inda haƙorin yake. Ya ce zai aro fitilar da ta fi wannan in ya komo daga Yamai bayan sallah.